Waiwaye: yadda tsada da faɗan manya suka haɗu a kan talakan Kano

A watan Fabrairun 2024 ne mata masu yin gurasa suka fito kan titi a cikin birnin Kano. Ba jam'iyya ce ta turo su ba, ba kuma wani ɗan siyasa ne ya ba su kuɗin mota ba, buhun fulawa ne ya haura naira dubu 40, sana'ar da suka gada kaka da kakanni ta gagara. Duk wanda ya san Kano ya san gurasa ita ce rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi, ɗan ƙuli da mai da yaji yaro ya ci ya kora da ruwa ya wuce makaranta. A daidai lokacin ne kuma magidanta suka koma awon afafata, tsakin shinkafar nan da ake warewa bayan an casa, wanda a da kifi ake zuba wa. To amma ka tuna abin da garin yake magana a kai 'yan makonni kafin nan? Hukuncin kotun ƙoli na ranar 12 ga Janairu wanda ya tabbatar wa Abba Kabir Yusuf kujerarsa ta gwamna. Kusan wata huɗu muka yi ba mu da zance sai kotu, a majalisa, a cikin ɗan sahu, a rediyo, har a wajen zaman makoki.

Wannan ne ya sa na zauna na lissafo shekarun baya ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi abin da na gani ya dame ni. Kusan duk shekarar da tsada ta yi mana sabon duka, sai ka tarar manyanmu suna tsakiyar wani sabon faɗa, mu kuma mun dare gida biyu muna taya su.

Ba wai rabuwar kai baƙon abu bane a siyasar Kano. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950 gidaje suke rabuwa, wa yana NPC ƙani yana bin Malam Aminu Kano. A jamhuriya ta biyu jam'iyyar PRP da kanta ta tsage, 'yan ɓangaren santsi suna tare da gwamna Abubakar Rimi, 'yan ɓangaren taɓo suna tare da Malam, kuma iyayenmu har yau suna ba da labarin 10 ga Yulin 1981 da gari ya kama da wuta bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, ranar da aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Shi ma Rimin ya ƙirƙiro sababbin masarautu, Sabo Bakin Zuwo ya zo a 1983 ya soke su. Kaga kenan ba yau aka fara ba. Sai dai akwai bambanci guda, a wancan zamanin duk zafin faɗan akwai maganar talaka a cikinsa, Rimi yana hawa ya soke haraji da jangali, abu ne da manomi da makiyayi suka ji a aljihunsu.

Ko a Janairun 2012 da gwamnatin Jonathan ta cire tallafi, litar mai ta tashi daga naira 65 zuwa 141, Kanawa sun fito da murya ɗaya, aka taru a dandalin Silver Jubilee, Kiristoci suka kewaye Musulmi suna sallah, babu wanda ya tambayi wani kalar hularsa. A ƙarshe dole aka sauko da farashin zuwa 97. Ka riƙe wannan a ranka, don za mu dawo kansa.

Kwankwaso da Ganduje tafiya ɗaya ce tun 1999, gwamna da mataimakinsa, suka faɗi tare a hannun Malam Shekarau a 2003, suka dawo tare a 2011, a 2015 kuma Kwankwaso ya miƙa wa Ganduje. Ba a rufa shekara ba aka raba gari, abin ya fito fili a watan Maris na 2016 bayan ta'aziyyar mahaifiyar Ganduje, daga nan jar hula ta zama alamar ɓangaren Kwankwaso. A shekarar nan ce fa mai ya tashi daga naira 86 da sulai biyar zuwa 145, tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, dala ta doshi 500 a kasuwar Wapa, 'yan Kantin Kwari da ke sayo kaya daga China da Dubai suka ji jiki. Amma a rediyo me ake yi? Sojojin baka ne kowane dare, wane ya ci amana, wane butulu ne. Titunan kilomita biyar-biyar da aka fara a ƙananan hukumomi suka tsaya cak, wannan ɓangaren ya ce bashi aka bar masa, wancan ya ce ƙeta ce, mutanen garuruwan kuma suka ci gaba da shan ƙura da rani da taɓo da damina.

2019 ta zo da inkonkulusif, wato zaɓen gwamna da aka ce bai kammala ba, da rikicin sake zaɓe a mazaɓar Gama, wanda har yau in ka ambace shi a majalisa sai an tayar da jijiyar wuya. A watan Mayu aka raba masarauta gida biyar, aka ɗaga Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. A watan Agusta Buhari ya rufe boda, shinkafa ta tashi, kuma ba ta sake dawowa inda take ba. Ranar 9 ga Maris 2020 aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi II aka kai shi Awe a jihar Nasarawa, aka naɗa Aminu Ado Bayero. Wata guda da 'yan kwanaki bayan nan korona ta sa aka kulle gari, ga azumi, ga mace-macen dattawa da ya gigita kowa, kuma Kano gari ne da mafi yawan mutanensa sai sun fita suke samun na cefanen ranar, ɗan dako da mai shayi da ɗan sahu da tela duk aka ce su zauna a gida.

Amma duk wannan somin taɓi ne in aka kwatanta da 2023. Ta fara da canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki ya kwana a layi, mai POS ya yanki rabonsa, ɗan ƙauye ya kawo akuya kasuwa ya ce shi bai san taransifa ba. Aka yi zaɓen gwamna 18 ga Maris, Abba na NNPP ya kayar da Nasiru Gawuna na APC. Ranar 29 ga Mayu, ranar da aka rantsar da Abba, a ranar ce Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin kwana biyu litar da ake saye ƙasa da 200 ta haura 500. Tsakiyar Yuni aka saki naira ta nemi wa kanta daraja, daga wajen 460 ta yi ta gangarawa har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ƙarshen Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, kuma kowa ya san Kano da Maraɗi da Damagaram cinikinsu a haɗe yake, dabbobi da wake suna shigowa, kayan masarufi suna fita.

A watan Yunin 2023 da kuɗin ɗan sahu ya ninka, abin da sabuwar gwamnati ta fara da shi rusau ne, ginin Daula, shagunan filin Idi, shataletalen gidan gwamnati. Ni dai ban goyi bayan yadda gwamnatin baya ta yanka filayen al'umma ta sayar ba, filin Idi da jikin badala da harabar makarantu ba na sayarwa bane. Amma wanda ya sayi shago da takardar gwamnati a hannunsa, ya kwana da jari ya tashi babu, shi ma talaka ne, kuma daga baya kotu ta ce a biya 'yan kasuwar filin Idin diyya. Ana cikin haka 20 ga Satumba tirabunal ta ce Gawuna ne ya ci, kotun ɗaukaka ƙara ta bi bayanta a Nuwamba, shikenan gari ya koma alƙunutu da zanga-zangar kujera.

Gaskiya ɗaya ce, ba gwamnan Kano ke yanke farashin mai ko dala ba, wannan daga Abuja yake zuwa. Amma akwai abin da yake hannun jiha, ruwan famfo wanda rashinsa ya sa unguwanni da yawa suke rayuwa da 'yan garuwa, motocin haya masu sauƙi, maganin asibiti, faɗan daba da ƙwacen waya. An ɗan taɓa, hukumar karɓar ƙorafi ta Muhuyi Magaji ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau a Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye abinci, an raba tallafi, daga baya an mayar da mafi ƙarancin albashi dubu 71. To amma a shekarar buhun shinkafa ya haura dubu 80, shinkafar da a 2015 ake saye wajen dubu 10, kuma yawancin Kanawa ma ba albashi suke ɗauka ba.

Sai Mayun 2024. Ranar 23 majalisa ta soke dokar masarautu biyar, aka dawo da Sarki Sanusi gidan Rumfa, Sarki Aminu ya shiga gidan Nasarawa da jami'an tsaro, gari ɗaya sarki biyu, kotun tarayya ta ce kaza kotun jiha ta ce kaza. A watan da ya biyo baya hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Aka hana hawan babbar sallah saboda tsaro, a 2025 ma aka sake hanawa, alhali a Disambar 2024 ne UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin kayan gadon duniya. Mutane suna kallon hawa kamar shagali ne kawai, amma ka tambayi masu kayan doki da dukawa da marina da teloli da masu otal da yaran da ke sayar da ruwa da lemo a hanyar hawan Daushe da hawan Nasarawa, cinikin shekara ne ya wuce su.

Yanzu mu koma kan 2012. Ranar 1 ga Agustan 2024 aka sake fitowa zanga-zangar yunwa, amma ba irin waccan ba ce, ba jagora, ba murya ɗaya, kafin la'asar an fasa cibiyar hukumar sadarwa ta NCC an kwashe kaya, aka sa dokar hana fita ta awa 24, wasu yara suka ɗaga tutar Rasha. Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin arewa, 12 a Kano, 'yan sanda suka musanta. Kafin a gama binne gawa tuni APC da NNPP sun fara nuna wa juna yatsa a kan wa ya turo 'yan daba. A Oktoba wutar arewa ta ɗauke sama da mako guda, ƙanƙara ta zama ta masu hali, masu walda da masu niƙa suka zauna. Ranar 1 ga Nuwamba kuma duniya ta ga yaran da aka kama, da yawansu 'yan Kano, suna zubewa a gaban kotu a Abuja saboda galabaita, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, sai da aka yi ca sannan shugaban ƙasa ya ce a sake su.

Abin da ya fi yi min ciwo dai a layinmu yake. Da can in gida ya kwana ba a ɗora tukunya ba, maƙwabta suna ganewa ko ba a faɗa ba, sai ka ga yaro ya shigo da kwano a rufe an ce a gaida Hajiya. Akwai dattawa biyu a unguwarmu da suka shekara fiye da ashirin suna cin tuwon dare a tabarma ɗaya, tun zaɓen 2019 suka daina, kowa ya koma majalisar 'yan hularsa. Ɗayansu ya kwanta rashin lafiya a damunar 2024, kuɗin magani ya gagari 'ya'yansa, ɗayan kuma yana da halin taimakawa, amma bai ji ba sai bayan kwana tara, a bakin wani a masallaci. Ya je kam, na gan shi da idona ya shiga da leda a hannu, ya daɗe a ciki bai fito ba.

A 2025 masara da shinkafa sun ɗan sauko a Dawanau, magidanta sun ɗan numfasa, sai kuma manoman Kura da Kadawa suka fara kukan sun sayi taki da tsada sun sayar da amfani da araha, wasu ma ko kuɗin da suka zuba ba su mayar ba. Ita kuwa shari'ar sarauta shekarar ta ƙare tana kotu.