Tsokana a filin ƙwallo: wa ya kamata ya sha kati, wa za a ƙyale?

Musun nan ba ya ƙarewa a gidan kallon unguwarmu. Da zarar ɗan wasa ya ci ƙwallo ya ɗora yatsa a baki yana kallon waɗanda ya zura wa, sai wuri ya rabu biyu, waɗanda aka ci suna ihun rafali ya ba shi kati, waɗanda suka ci suna cewa ai gishirin wasan kenan, sati na zagayowa kuma kowa ya ari bakin ɗan'uwansa. Ga tambayoyin da aka fi jefowa, da abin da na sani a kai.

Wai akwai ma dokar da ta hana tsokana, ko rafali ne kawai ke yin son ransa?

Akwai fa, kuma ba yau aka yi ta ba. Hukumar IFAB ce ke rubuta dokokin ƙwallo, kuma doka ta 12 ta ce a ba ɗan wasa yalo in wajen murnar cin ƙwallo ya yi abin tunzura mutane ko na izgili, haka in ya haye shingen 'yan kallo, ko ya rufe fuska, ko ya cire riga, wannan ta rigar tun 2004 aka tsaurara ta. Ko da an soke ƙwallon daga baya katin na nan daram. In kuma abin ya kai zagi ko cin mutunci, da baki ne ko da hannu, to jan kati ne kai tsaye. Kun ga kenan dokar na nan, rigimar ita ce wa zai auna mene ne izgili, don ba a rubuta cewa yatsa a baki laifi ne hannu a kunne ba laifi ba ne, an bar wa mai usur ne ya duba da idonsa.

Malam, ai murna ce kawai, me zai sa a damu?

Duk wanda ya kalli wasan Manchester City da Arsenal na Satumbar 2009 ba zai yi wannan tambayar ba. Emmanuel Adebayor ɗan Togo bai daɗe da barin Arsenal ba, ya ci su da ka, maimakon ya tsaya wajen abokan wasansa sai ya juya ya zuba a guje tun daga wannan raga har waccan, kusan tsawon fili gaba ɗaya, ya zo ya zame a kan gwiwa gaban magoya bayan Arsenal ya buɗe hannuwa. Wallahi wajen kamar an watsa fetur a wuta, mutane na turereniya suna son tsallakowa, ana jifa da duk abin da hannu ya samu, har wani ma'aikacin filin jifa ta same shi ya ji rauni. Rafali ya ba shi yalo, hukumar ƙwallon Ingila, wato FA, ta ci shi tarar fam 25,000 da dakatarwar wasa biyu ta jeka-ka-gyara-halinka, ban da wasa uku da ya sha saboda taka fuskar van Persie a wannan wasan dai. Shi Adebayor ya ce zagin iyayensa suka yi ta yi a waƙa, kuma na yarda abin da ciwo, amma wanda ya kwana da rauni ba ɗan wasa ba ne ba mai waƙa ba ne, bawan Allah ne da ya fito neman abincinsa. Irin wannan tsokanar, wacce ake kai wa taron dubban mutane da ransu ya riga ya ɓaci, ni ban da ja a hukunta ta.

To yanka fa? In mutum ya wulaƙanta mai tsaron baya da ƙwallo, shi ma tsokana ce?

Nan ne nake rabuwa da rafali da yawa. A Satumbar 2021 Lucas Paquetá yana Lyon, suna cin Troyes ana dab da tashi, ya gwada ɗaga ƙwallo da dunduniya ta bi ta saman kan mai tsaron baya a wajen kwana, Stéphanie Frappart ta ɗaga masa yalo. Kafin nan a 2020 Neymar ya yi irinta a wasan PSG da Montpellier, rafali ya zo yana masa faɗa, ya mayar da magana, ya sha kati. Haba jama'a. Ƙwallo tana cikin wasa, ba wanda ya ɗaure ƙafar mai tsaron baya, in ya ji haushi ya zo ya ƙwace mana. Mu da muka taso muna kallon Jay-Jay Okocha, wanda a 1993 yana Frankfurt ya yi ta kai Oliver Kahn da masu tsaron bayan Karlsruhe gabas da yamma kafin ya ga dama ya buga, yanzu a ce mana wannan rashin ladabi ne? To me muka biya kuɗin kallo mu gani, fasin baya?

Kuma filin yana da nasa hukuncin ko rafali bai sa baki ba. Richarlison ya tsaya yana ɗaga ƙwallo sama-sama a wasan Tottenham da Nottingham Forest a 2022, bai gama jin daɗinsa ba Brennan Johnson ya zo ya kwashe shi. Johnson ne ya sha katin, kuma daidai ne, shi kuwa Richarlison ya ji a jikinsa.

Gola da ke surutu da rawa lokacin fenareti fa?

Kowa ya san da wa ake. Emiliano Martínez na Ajantina ya fara fitowa da halinsa a Copa America ta 2021, yana ta yi wa 'yan Kolambiya surutu, ya ce wa Yerry Mina zai cinye shi, kuma ya tare. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Qatar 2022 ya ɗauki ƙwallo ya wurgar gefe sai da Tchouaméni ya taka ya ɗauko da kansa, yaron ya dawo ya buga waje. Daga Yulin 2023 IFAB ta gyara dokar fenareti, gola ba zai yi abin da zai raba hankalin mai bugu ta hanyar da ba ta dace ba, kamar jan lokaci ko taɓa turke da raga. Jan lokaci da wurgar da ƙwallo na yarda a hana. Magana kuwa, gola da aka tsayar a kan layi kamar ragon layya, an ce kar ya matso gaba, mai bugu kuma an bar shi ya yi ta tsaitsayawa a gudunsa, in an hana shi buɗe baki me ya rage masa?

Me ya sa wanda ya rama ne kullum ke shan jan kati, mai tsokanar ya tafi yana dariya?

Saboda rafali yana ganin hannu da ka, ba ya jin abin da aka raɗa a kunne. Wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2006 a Berlin, Italiya da Faransa, Materazzi ya faɗa wa Zidane magana a kan 'yar'uwarsa, Zidane ya juyo ya sa masa kai a ƙirji, jan kati a minti na 110, Italiya ta ɗauki kofi a fenareti. Daga baya FIFA ta dakatar da Materazzi wasa biyu da tara, Zidane wasa uku da tara, amma kofi ya riga ya tafi Rum. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu cewa a tsananta suke da ita, kuma ba ni da amsar da za ta gamsar da su gaba ɗaya. Abin da zan ce kawai, muguwar tsokana ba ita ce wacce kyamara ke nunawa ana rawa ba, ita ce wacce ake yi ƙasa-ƙasa an kare baki da hannu, kuma ƙara wa mai rawa kati ba zai kama wannan ba.

Rawar Vinícius fa, ba shi ke jawo wa kansa ba?

A'a. Wannan maganar ina jin ta har a bakin mutanenmu kuma tana ba ni mamaki. Yaro ɗan Brazil ya ci ƙwallo ya yi rawar garinsu a wajen kwana, wasu su amsa masa da kukan biri, sai a ce shi ne da laifi? Abin da aka yi masa a filin Valencia a Mayun 2023 sai da ya kai kotu, a 2024 aka yanke wa mutum uku ɗaurin wata takwas. Yana da nasa halin na neman magana da 'yan wasa da rafali, in ya yi a ba shi katinsa, amma wannan daban wancan daban. Finidi George ma a 1994 da ya ci Girka rarrafe ya yi ya ɗaga ƙafa kamar kare, har yau dariya ake in an tuna.

Me zai hana a kwaikwayi Amurka, tunda su sun tsaurara?

A ƙwallon Amurka ta NFL, wacce ake rungumar ƙwallo da hannu, tsokana laifi ce mai sunanta, ana mayar da ƙungiya baya yadi 15, in ka maimaita a wasa ɗaya a kore ka. A Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, na Fabrairun 2021 Antoine Winfield na Tampa Bay ya ɗaga wa Tyreek Hill yatsu biyu a fuska, ramuwa ce don Hill ya yi masa haka a wasan baya, nan take aka hukunta shi. A kakar 2021 aka ce alƙalai su ƙara matsawa, sai ga shi ana hukunta mutum don ya tsaya ya kalli bencin abokan hamayya, kamar yadda aka yi wa Cassius Marsh na Chicago, magoya baya suka yi ta tsine wa dokar. Su can ma suna da yadi da za a rage, mu ba mu da shi, abin da ke hannun rafalinmu kati ne, yalo biyu kuma ƙungiya ta koma mutum goma. A ce an kori ɗan wasa a wasan ƙarshe don ya sa hannu a kunne? Wasan Ajantina da Holan na 2022 Mateu Lahoz ya yi ta rabon yalo har sama da goma sha biyar, bai hana Messi zuwa gaban van Gaal kocin Holan ya sa hannuwa a kunne ba, bai hana Otamendi yi wa 'yan Holan irinta bayan fenareti ba.

To kai ina ka ja layi?

Mu ai ba baƙin tsokana ba ne. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, taubasai a gidan biki, ana faɗa wa juna maganar da in baƙo ya ji zai ɗauka za a dambace, amma kowa ya san inda ake tsayawa, ba a taɓa uwa, ba a taɓa addini, ba a yi wa mutum gori da halittarsa. Ɗan dambe ma yana kirari a gaban abokin karawarsa ba wanda ya ce a kore shi. Layina kenan a fili: iyaye, launin fata, addini, alamar batsa, jan kati da dakatarwa. Zuwa gaban taron abokan hamayya da gangan don a tunzura su, ko zuwa a yi wa wanda ya zubar da fenareti ihu a fuska kamar yadda Martin Keown ya yi wa van Nistelrooy a 2003, yalo. Sauran, rawa da yanka da yatsa a baki da kwaikwayon murnar wani, a bar mutane su sha iska.

Abin da ya fi ci min rai ma rashin tsayawa a magana ɗaya ne. A ƙarshen Janairun 2025 Iliman Ndiaye ɗan Senegal ya ci wa Everton fenareti a gidan Brighton, ya kaɗa hannuwa kamar tsuntsun tekun da ke tambarin Brighton, rafali ya ba shi yalo. Bayan kwana takwas Arsenal ta zuba wa City 5-1, Myles Lewis-Skelly ya ci ya zauna ya harɗe ƙafa ya rufe ido irin murnar Haaland sak, ramuwar abin da Haaland ya yi musu a Satumba da ya jefi Gabriel da ƙwallo a ƙeya ya kuma ce wa Arteta kocin Arsenal ya riƙa ƙanƙan da kai. Ba kati. Firimiya ɗaya, doka ɗaya. Ni a wajena duka biyun bai kamata a taɓa su ba, amma ranar a gidan kallo wani ɗan City da ke bayana har da miƙewa tsaye yana rantsuwa sai an dakatar da yaron, na juya na tambaye shi lokacin da Haaland ya jefi Gabriel me ya ce, ya ce min ai wancan wasa ne.