Yaron da ake yi wa ƙarin jini ya daina tsayi? Ku duba ƙarfen jikinsa

Iyayen yaron da ke da talasemiya mai tsanani, wato cutar gado da ke hana jiki haɗa isasshen lafiyayyen jini, sun saba da zaryar asibiti duk bayan mako 3 ko 4 domin ƙarin jini. Jinin ne ke riƙe da yaron, amma kowace leda ɗaya tana shigo da kimanin miligiram 200 na sinadarin ƙarfe, jikin ɗan Adam kuwa ba shi da hanyar fitar da rarar. Sai ya taru a hanta da zuciya, da kuma ƙananan gaɓoɓin da ke haɗa homon, wato sinadaran da ke tafiyar da girma da balaga.

Wadda ta fi saurin jin jiki ita ce fituwitari, 'yar ƙwaya a ƙasan ƙwaƙwalwa. Idan ƙarfe ya taɓa ta, yaro ba zai ce ga inda ke masa ciwo ba. Sai dai ƙannensa su kamo shi a tsayi. Yarinya ta kai shekara 13 ba ta fara ƙirgar dangi ba, ko namiji ya kai 14 'ya'yan marainansa ba su fara girma ba. Kada a ce ai haka danginsu suke, a kai su likita ya gani, domin ɓarnar da ta riga ta zauna a wannan ƙwaya sau da yawa ba ta komawa, sai dai a riƙa ba da homon ɗin a matsayin magani.

Fankiriyas, gaɓar da ke daidaita suga a jini, ita ma tana taɓuwa, ciwon suga ya biyo baya: ƙishirwa, yawan fitsari, rama. A nan akwai tarko, gwajin suga da aka saba yi mai suna HbA1c yana iya ruɗarwa ga mai karɓar jini akai-akai, shi ya sa daga wajen shekara 10 ake gwada suga ta hanyar shan gulukos duk shekara. Idan tayirod ce ta taɓu, wato gaɓar homon da ke gaban wuya, za a ga kasala da jin sanyi. Idan faratayirod ce, wato 'yan ƙwayoyin da ke bayan tayirod, kalsiyam ya sauka, yatsu su riƙa ƙagewa.

Abin da ke tare duk wannan shi ne maganin fitar da ƙarfe. Akan fara shi bayan ƙarin jini sau 10 zuwa 20, ko idan feritin, wato awon ƙarfen da ya taru a jiki, ya haura 1,000. Akwai deferoxamine da ake sa wa ta ƙarƙashin fata na tsawon awa 8 zuwa 12, akwai deferasirox da deferiprone na sha. Na san yara, musamman masu tasowa, suna gajiya da shi su riƙa tsallake kwanaki. A zauna da su, a gaya wa likita gaskiya, ko zai sauya musu wani.

A riƙa auna tsayi da nauyi duk wata 3 zuwa 6 ana rubutawa a kati ɗaya. Kuma don Allah kada a saya wa yaron maganin ƙarin jini mai ƙarfe saboda an ga ya ɗashe, sai da izinin likitansa.