Kafin dusar ƙanƙara ta sauko: dokokin Jamus kan shinge, ganye da ƙofar gida

Duk shekara idan Oktoba ya kama sai na ga 'yan uwanmu sababbin zuwa Jamus suna ta neman rigar sanyi da safa da bargo, amma ba wanda ke tambayar me doka ta ce game da farfajiyar gidan da yake haya. Toh a nan gyaran gida kafin hunturu ba ganin dama ba ne, akwai doka a kai kuma akwai tara.

Mu fara da shinge, wato itatuwan nan da ake jerawa a kewaye gida da su maimakon katanga. Dokar kare halittu ta tarayya, sashe na 39, ta hana a sare shinge ko a yi masa aski mai zurfi har gindi daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba. Dalili shi ne tsuntsaye, a watannin nan suke sheƙa suna ƙyanƙyasa a ciki. Ɗan datse saman reshen da ya tsiro ba laifi ba ne ko yaushe, in dai ka duba ba sheƙa a wurin. Amma babban aiki, ragewa sosai ko cirewa gaba ɗaya, lokacinsa daga 1 ga Oktoba ne zuwa ƙarshen Fabrairu. Kaga kenan wanda ya ce bari sanyi ya wuce tukuna sai in gyara, wallahi zai farka a Maris ya tarar ƙofa ta rufe sai Oktoba, in kuma ya yi ƙarfin hali ya sare maƙwabci na iya kai ƙara, tarar kuma tana kaiwa dubban yuro.

Sai ganyen da ke zuba. Mu a gida mun saba a share a tara a cinna wuta, nan kar ka soma. Yawancin garuruwa sun hana ƙona sharar lambu, a Berlin ma haramun ne kwata-kwata, sai dai ka zuba a kwandon shara na kayan da ke ruɓewa ko ka tara a gefe ya zama taki. Ni dai shawarata ka bar tsibi ɗaya a lungun lambu, saboda bushiya a cikin irinsa take shiga ta yi barcin hunturu har bazara, kuma dabba ce da doka ta kare. Injin hura ganye shi ma da lokacinsa a unguwar zama: ranakun aiki daga 9 zuwa 1 na rana, sai 3 zuwa 5 na yamma, Lahadi da ranar hutu kuwa ko kusa.

Inda abun ya fi nauyi shi ne hanyar masu tafiya da ƙafa da ke gaban gidanka. Hanyar ta hukumar gari ce, amma kusan ko'ina sun ɗora shararta a kan mai gidan da ke bakinta, shi kuma mai gida yana da damar ya miƙa wa ɗan haya. Sai dai fa dole abun ya kasance cikin takardar haya, ko cikin dokokin gida da aka haɗa da takardar. Don haka ka ɗauko takardar ka nemi kalmar Winterdienst, wato aikin share dusar ƙanƙara, in Jamusancin bai zauna ba ka ba wani ya karanta maka. Da yawa sun sa hannu ba su san sun karɓi wannan aiki ba, abun yana damuna sosai, saboda ranar da wata tsohuwa ta zame a ƙofarka ta karya ƙugu, kai za a nema da kuɗin asibiti da diyya, ba za a ji uzurin ban sani ba.

Kowane gari da tsarinsa, amma bari in ba da na Berlin. Daga 7 na safe zuwa 8 na dare, da zarar dusar ta tsaya sai ka share, in ƙasa ta yi santsi ka barbaɗa yashi ko ƙananan tsakuwa nan take. Wadda ta zuba cikin dare ta zama an kwashe kafin 7 na safe, Lahadi da ranar hutu kafin 9. Faɗin wurin da za ka share aƙalla mita 1, a manyan tituna mita 1.5, yadda mutum biyu za su gifta ko mai keken jariri ta wuce. Gishiri kuma an hana, duk da kana ganinsa a kanti ana sayarwa, saboda yana kashe itatuwan bakin titi yana cin ƙafar karnuka, a Berlin tararsa tana iya kai yuro 10,000. Ganyen da ya jiƙe a kan hanyar shi ma santsi ne, a garuruwa da yawa alhakinsa ɗaya da na ƙanƙara.

In kana fita aiki da asuba ko ka tafi gida ganin iyaye a Disamba, aikin bai sauka daga kanka ba, sai ka roƙi maƙwabci ko ka biya wani ya yi. Kuma don Allah a yi inshorar nan ta ɓarnar da mutum ya jawo wa wani, Haftpflicht suke ce mata, kuɗinta kaɗan ne a shekara kuma ita ke tsaya maka a irin wannan rana.

Shebur da tsintsiya mai ƙarfi da buhun yashi a saye su tun Nuwamba, don ranar da dusar farko ta sauko kantuna wayam suke yi. Famfon da ke waje kuma a rufe shi daga ciki a tsiyaye ruwan, in ya daskare ya fasa bututu mai gida zai iya cewa sakacinka ne ya turo maka kuɗin gyara.