Jirgin yaƙin Constitution ba na ƙarfe ba ne

Saboda laƙabin Old Ironsides, wato tsoho mai gefen ƙarfe, da Amurkawa suka raɗa masa, mutane da dama sun ɗauka jikin jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Constitution ƙarfe ne. Ko kusa! Katako ne, kuma an sake shi a ruwa a Boston tun 1797, zamanin da iska ce ke tura jiragen yaƙi.

Laƙabin ya samo asali ne daga gumurzun da ya yi da jirgin Ingila mai suna Guerriere a watan Agustan 1812. Wasu dunƙulen harsasan igwa sun daki gefen Constitution sun faɗa ruwa, matuƙansa suka yi ta cewa ai jirgin nan ƙarfe ne.

Wannan taurin jiki aikin mai zanensa ne, Joshua Humphreys. An sassaƙa haƙarƙarin jirgin da wani icce mai taurin tsiya da aka saro daga jihar Jojiya ta Amurka, aka jera su dab da juna, aka lulluɓe ciki da waje da katako har kaurin ya haura rabin mita. Fallayen jan ƙarfen da aka manna masa a ƙarƙashin ruwa kuwa, don tsutsar teku mai cin katako aka sa su.