Waiwaye: Gadar Pontcysyllte, inda jiragen ruwa ke ƙetare kogi ta sama

Daga cikin hotunan da 'yan'uwanmu mazauna Manchesta kan aiko gida Kumasi, akwai wanda yakan jawo gardama a majalisun Aboabo da Asawase: siririn jirgin ruwa yana tafiya a kan gada, kogi kuma yana can ƙasa da nisa. Wasu sukan ce haɗin kwamfuta ne, alhali kuwa gadar tana nan a karkarar arewa maso gabashin Wales, sunanta Pontcysyllte, kuma ta haura shekara 200 tana ɗauke da ruwa.

Asalin maganar dakon kaya ne. A ƙarni na 18 hanyoyin Birtaniya laka ce da ramuka, masana'antu kuwa suna bukatar kwal da ƙarfe da farar ƙasa. Sai aka lura cewa dokin da kaya kaɗan ke gajiyar da shi a tudu yana iya jan jirgi mai tan 30 idan a kan ruwa yake. Hanyar ruwan Bridgewater, wadda aka haƙa aka buɗe a 1761, ta karya farashin kwal a Manchesta da kusan rabi, daga nan masu kuɗi suka yi caa a kan haƙa irinta. Duk wanda ya ji labarin ayarin kakanninmu fatake, masu ɗora goro a kan jakuna daga Salaga zuwa Kano wata da watanni, ya san abin da sauƙin dako yake nufi ga ɗan kasuwa.

A 1793 majalisar dokoki ta amince da haƙa hanyar ruwan Ellesmere, domin a haɗa kogunan Mersey da Dee da Severn. Babban cikas shi ne kwarin kogin Dee, mai zurfi da faɗi. Da an bi dabarar da aka saba, sai a yi ta sauke jirage mataki-mataki ta ƙofofin ruwa har gindin kwarin, sannan a sake hawa da su, abin da ke cin lokaci da ruwa mai yawa. Injiniyoyin aikin, William Jessop da Thomas Telford, suka zaɓi su ɗaga ruwan gaba ɗaya. An aza harsashi a 1795, aka buɗe gadar ran 26 ga Nuwamba 1805. Tsawonta mita 307, tsayinta daga kogin mita 38, a kan ginshiƙan dutse 18.

Hikimar tana wajen rage nauyi. Gadojin ruwa na da, da dutse ake gina su a shafe cikinsu da yumɓu mai kauri don kada su yi yoyo, nauyin kuma ba ya barin a kai su sama sosai. A nan sai aka zuba ruwan cikin dogon kwami na ƙarfen zubi, wanda maƙerar William Hazledine ta Plas Kynaston, kusa da wurin, ta zuba falle-falle aka ɗaure da kusoshi. Ginshiƙan ma sun fi kauri a gindi, sannan daga sama an bar cikinsu fanko. Turbar da doki ke bi an ɗora ta ne a kan ruwan, ta yadda ruwan da jirgi ya ture zai samu wurin kewayawa ta ƙarƙashinta. Mai ziyara a yau yana tafiya a wannan turbar yana dafe da shingen ƙarfe, amma wanda ke cikin jirgi, idan ya leƙa ta ɗaya gefen, bakin kwamin kawai zai gani, ɗan tazara kaɗan sama da ruwa, daga nan sai sarari har kogi.

Babbar manufar dai ba ta cika ba. Kuɗi ya gaza, ba a haƙa ɓangaren da zai wuce arewa zuwa Chester ba, babbar hanyar ta tsaya a Trevor, daf da ƙarshen gadar. Abin da aka ƙara shi ne ɗan reshe ta Llangollen zuwa madatsar Horseshoe Falls, wadda aka kammala a 1808 don ta riƙa ɗibar ruwan Dee tana ciyar da hanyar. Ba da jimawa ba jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace kasuwar, kuma a 1944 kamfanin jiragen ƙasa da ya mallaki hanyar ya samu izinin doka na rufe ta.

A ganina wannan ɗan reshen ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ya ceci gadar. Jiragen kaya sun daina wucewa, amma ruwan da ke bi ta kanta yana gangarawa har tafkin Hurleston a Cheshire, inda ake tace shi jama'a su sha, saboda haka ba a iya barinta ta ruɓe ba. Mu a Kumasi mun ga ɗaya fuskar lamarin. Layin dogo ya iso garin nan daga Sekondi a 1903, na Accra ya biyo baya a 1923, ya kashe dako a ka, shi ma manyan motoci suka kashe shi. Da yake ba a sama masa wani aikin ba, 'yan kasuwa ne suka baza tumatir da gwanjo a kan ƙarafunansa kusa da Kejetia. Abin yana yi mini ciwo, domin waɗanda suka shimfiɗa shi ba su sha wahala ƙasa da maginan Wales ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu masu yawon shaƙatawa suka dawo da jirage kan hanyar, kuma a 2009 UNESCO ta sa gadar, tare da kilomita 18 na hanyar ruwan, cikin wuraren tarihi na duniya, jerin da ganuwoyin bakin tekun Ghana suka shiga tun 1979. Tun 2012 ƙungiyar Canal & River Trust ce ke kula da ita. Lokaci-lokaci takan toshe bakunan gadar biyu, a zare matoshin da ke ƙasan kwamin, ruwan ya zube cikin Dee, ma'aikata su shiga su duba mahaɗan ƙarfen ɗaya bayan ɗaya kafin a sake cika shi.