Me ake nufi da "farfaɗo da daji"?

Da damina ta kankama, ba abin da ake ji a rediyo sai "farfaɗo da daji". An raba dashen darbejiya, an ɗauki hoto, sai mai jawabi ya ce an farfaɗo da daji. Wannan dashen itace ne. Yana da ranarsa, amma ba shi ake nufi ba, kuma cakuɗa su na sa a kashe kuɗi inda ba a nan ciwon yake ba.

Abin da ya faru a ƙasar Katsina da Daura shi ne gonaki sun yayyanka daji, ya rage tsibi-tsibi: ɗan kurmi a bakin rafi, wani a maƙabarta, wani kan fako. Tsuntsu da jemage masu yaɗa iri ba su cika ratsa fili fetal ba. Farfaɗowa ita ce a sake haɗa waɗannan guntaye ta kan iyakokin gonaki da gaɓar rafi, da itatuwan asali: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya.

Ai wanda bai mutu ba ake farfaɗowa. Kututturen da manomi ke sassabewa duk bazara yana da rai, saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa, abin da dashen leda bai da shi, shi ya sa rani ɗaya ke gamawa da yawancinsa. Manoman Maraɗi sun kama wannan hanya tun shekarun 1980, suna ce mata sassabin zamani, yau ana maganar kadada kusan miliyan 5 a Nijar.

Ka zaɓi kututture, ka bar tofo uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Rassan gefe a datse su zuwa rabin tsawon kawai. In ka wuce haka, iska ko akuya ta karya shi. Lauje ko adda ta zama mai kaifi, a yi sara daga ƙasa zuwa sama, don saran da ya gangaro yakan ɓare ɓawo, ruɓa da gara su shiga. A koma bayan wata biyu zuwa shida a sake gyarawa. Masu tsoron inuwa su fara da gawo, tunda da damina yake zubar da ganye, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne bayan kaka, da an saki dabbobi, masu neman itacen girki sun fito. In mai unguwa bai zaunar da manoma da makiyaya an yi yarjejeniya kan wanda ke da ikon sara ba, tofon ba ya ganin damina ta biyu.