Tsara Jadawalin Tiyata a Asibiti

Tsara jadawalin tiyata shi ne aikin da asibiti ke yi na yanke wa za a yi wa aiki, yaushe, a wane ɗaki, kuma da waɗanne ma'aikata. Hausawan Sudan, daga Mai Wurno zuwa Gadarif da Kasala, sun fi cewa amaliyya maimakon tiyata, jerin sunayen ranar kuma ma'aikata kan ce masa lista. Mutane da yawa sun ɗauka likita ne kawai yake duba kalanda ya ce ka dawo ran Talata. Gaskiya ranar nan ba ta mutum ɗaya ba ce, sai likitan tiyata da mai banju (wato mai sa barci) da nas-nas da ɗakin aiki da kayan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta da jini da gadon da za a kwantar da mutum bayan an gama, duk sun samu a lokaci guda. Ɗaya ya ɓace, ranar ta rushe.

Ana raba aikin gida biyu. Akwai na gaggawa da ke shigowa ta hawadis (wato sashen gaggawa na asibiti), kamar macen da haihuwa ta gagara, ko afendis da ya fashe, ko wanda ya yi haɗarin mota ko aka harba. Akwai kuma wanda a asibitocin Sudan ake ce wa amaliyya barida, aikin sanyi kenan, wanda zai iya jira, irin su ƙaba da maƙoƙo da yanar ido da tsakuwar matsarmama. Na gaggawa ba ya neman izini, in ya zo dole a ture na sanyi, to a asibitin da ɗakin aikinsa ɗaya ne ko biyu, mai ƙaba zai iya kwana da yunwa ya wayi gari a ce masa sai wani mako. Sunan nan "sanyi" ma yana ruɗar mutane, don ƙabar da aka yi ta ɗagawa tana iya shaƙe hanji ta koma ta gaggawa da tsakar dare, ciwon daji kuma ba ya tsayawa jiran kowa.

Wata matsalar ita ce ba wanda ya san takamaimai tsawon aiki kafin a buɗe. Abin da aka ware wa awa ɗaya sai ya ci uku saboda jini ya ɓalle, ga kuma lokacin wanke ɗaki da canja kaya tsakanin mutum da mutum, wanda sau da yawa ba a sa shi a lissafi. In an cika lista da yawa na ƙarshe ba za a kai gare su ba, in an rage kuma ɗaki ya zauna banza alhali mutane na layi. Shi ya sa ake sa yara da masu ciwon suga da sassafe don ba sa jure dogon azumi, mai ƙurji ko ciwon da ya ruɓe kuma yawanci a bar shi ƙarshe.

Ta ɓangaren majinyaci ma ana samun cikas. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a daina cin abinci awa 6 kafin banju, ruwa zalla kuma awa 2, amma sai wata uwa ta tausaya wa ɗanta ta ba shi shayi da madara, shi kenan an fasa. Hawan jini ko suga da bai daidaita ba, ƙarancin jini, mura mai tsanani, zazzaɓin cizon sauro, duk suna sa a ɗage. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin akan ce ya dakata wajen kwana 5 kafin aiki bisa umarnin likita, in ba a gaya masa ba tun farko laifin ba nasa ba ne. Sannan a wurare da dama sai dangi sun ba da jini tukuna.

Ƙarancin ma'aikata tsohuwar magana ce. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2015 ya ce mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya, ya kuma sa burin ƙwararru 20 na tiyata da banju da haihuwa ga kowane mutum 100,000. A Sudan ƙwararrun sun daɗe da taruwa a Khartum, da yawa kuma sun tafi aiki Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 asibitocin babban birnin da yawa suka daina aiki, aka koma Wad Madani, ita ma ta faɗa cikin yaƙin a Disamba 2023, sai nauyin ya koma kan garuruwa irin su Gadarif da Kasala da Port Sudan. Ga ɗaukewar wuta da tsadar man janareta da ƙarancin oksijin, a irin wannan hali aikin sanyi shi ake fara yankewa.

Abin da ya fi ciwo shi ne sokewar ranar aiki, domin asibiti ya yi asarar awa, shi kuwa manomin da ya taso daga ƙauye da kharif (wato damina), hanya duk laka, ya sayar da akuya ya biya mota da masauki da 'yan rakiya biyu, ya yi asarar abin da ba zai maido ba a wata guda.

Hanyoyin rage matsalar da aka sani ba duka ke buƙatar kuɗi mai yawa ba. Ana duba majinyaci a asibitin banju kwanaki kafin ranarsa a gyara jini da suga, ana kiran waya kwana ɗaya ko biyu kafin ya taso, ana ware ɗaki ko wasu awanni don gaggawa kaɗai, ana kuma rubuta dalilin kowace sokewa don a ga inda ake yawan tuntuɓe. Takardar duba lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ma tana sa a tambaya ko akwai jini da kayan aiki tun kafin a sa wuƙa.